Ranar da Na Kai Guɗa Ofishin Lauya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka je sa hannu a takardar gonarmu ba. Ko na so in manta ma, matan unguwarmu ba za su bar ni ba. Ni da ba a jin muryata daga tsakar gida zuwa zaure, ni ce na tayar da bene guda a tsakiyar kasuwar Gadarif, a nan ƙasar Sudan.

Bari in faro daga tushe. Marigayi maigidana da ƙaninsa Malam Isa suna da gonar riɗi da dawa a yankin Simsim, tare suka sare ta tun suna samari. Da Allah ya karɓi ran maigidan, Malam Isa ya ci gaba da noma, duk kaka yana kawo mana rabonmu har ƙofar gida. Ko musu ba mu taɓa yi ba. Sai wata rana 'yata Safiya, mai aikin jinya a asibiti, ta zaunar da ni.

"Inna, ke da Baffa kun san juna," in ji ta. "Mu da 'ya'yansa fa? A rubuta tun kuna raye, kowa ya san nasa."

Na ga gaskiyarta. Amma da muka kai wa Malam Isa maganar, sai fuskarsa ta canza. Mutumin nan tun ina amarya yake tsokanata, "matarmu" yake kirana, ni kuma in ce masa rago mai cinye ƙanzo. Ranar nan babu wasa. Ya ce, "Yaya, wato ba ku yarda da ni ba ke nan?"

Da ƙyar muka shawo kansa. A wurinmu in aka ce wane da wane sun je gaban lauya, to faɗa ne, babu mai tambayar ƙarin bayani. Don haka ya kafa sharaɗi guda: a yi shiru. "Mu shiga, mu sa hannu, mu fito. In na ji maganar nan a bakin mutum ɗaya, an ce Isa da matar wansa suna shari'a, wallahi na fasa."

Na ce masa, "Ai ka san ni, ba ni da surutu."

(Gaskiya ne kuwa. Ba ni da surutu. Wata cuta ce daban nake da ita, ban san da zamanta ba sai a wannan makon.)

Safiya ta kai ni wurin wata lauya mace, ofishinta a saman bene, kan shagunan masu buhuna. Ustaza ake ce mata. Ta saurare mu da haƙuri, ta ce za ta rubuta cewa rabin gona na Malam Isa ne, rabi na magadan marigayi, da yadda za a riƙa noma da rabon amfani. Ta sa mana rana, ta ce mu zo da shaidu biyu. Biyu ta ce, na ji ta sarai, har yatsu ta ɗaga mini. Safiya kuma ta ce ita za ta nemo su, ta taho da Baffanta, ni in same su can.

To ga cutar tawa. Ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba. Duk rayuwata dangwale nake yi, a kama mini babban yatsa kamar na ƙaramar yarinya a danna a takarda. Yanzu kuwa na iya rubuta sunana, har da na mahaifina. Na rubuta shi a ƙasa da tsinke, na rubuta a bayan kwalin shayi, na rubuta a cikin gari kafin in tankaɗe. Sai zuciyata ta ce: yanzu ranar da za ki riƙe biro a gaban lauya, mutum biyu kacal ne za su gani? Su ma maza, waɗanda ba su san wahalar da kika sha a kan harafi ɗaya ba?

Sai na yi wa kaina fatawa. Na ce ai ɗaurin aure ma shaidu biyu ake buƙata, amma wa ya taɓa ganin an ɗaura da mutum biyu? Duk abin da ake so ya yi ƙarko, jama'a ake tara masa.

Na leƙa gidan Hajja Ramatu, abokiyar karatuna a ajin, na raɗa mata, na ce kada ta gaya wa kowa. Daga nan na tuna malamarmu, ai rashin kunya ne a ɓoye mata. Sai matar da ke ara mini fensir. Sai maƙwabciyarta, don kada ta ji haushi. Kowacce na ce mata kada ta gaya wa kowa, kuma Allah shaida babu wadda ta karya alkawari. Ni kaɗai na zagaye unguwar.

Kuma ba ka kiran mutane ka bar su da bakin wofi. Na soya zalabiya, wato irin fanken nan garin, faranti guda, na sayi dabino, Hajja Ramatu ta ce jabana a kanta, wato gahawarmu mai citta, za ta taho da ita a fulas. Na sa aka yi mini lalle, tunda hannun za a kalla. Na ɗauko lafayar da na ajiye tun bikin Safiya.

"In kin sa hannu mu yi guɗa?" Hajja Ramatu ta tambaye ni a cikin raksha, keken nan mai ƙafa uku.

Na ce, "Kaɗan-kaɗan dai, Hajja. Ofis ne."

Mun riga su Malam Isa isa. Ɗakin jiran kuwa benci ɗaya ne da kujerar akawu. Mata suka cika bencin, suka cika ƙasa, sauran suka jeru a matakala kamar masu jiran rabon zakka. Kafin akawu ya gama buɗe baki, an kunna turaren wuta, an miƙa masa finjalin gahawa. Ya dube ni, ya dubi farantin zalabiya, ya ce, "Hajja, dukansu shaidu ne?"

Na ce, "Biyu na nan tafe. Waɗannan ƙari ne."

Ustaza tana ciki da wasu. Ni dai ina zaune raina fari tas, gani nake duk wanda ya hau benen nan alheri ya kawo shi irin namu. Can sai ƙofa ta buɗe. Wani saurayi ya fito da takarda a hannu, wata matashiya a bayansa ita ma da tata, dattawa biyu na biye da su. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Na ce a raina, kai, ga kunya irin ta amare. Ko gida suka saya, ko shago suka buɗe.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na damƙa wa saurayin dabino, na zuba wa yarinyar humra a tafin hannu, na ɗaga muryar da ban san ina da ita ba.

"Mabruk, 'ya'yana! Allah ya sa albarka! Allah ya bar ku tare har tsufa!"

Hajja Ramatu da ke bakin matakala ba ta ganin ciki. Ta ji "mabruk" a bakina, ta ɗauka na sa hannu. Ta kama hanci ta callara guɗa, sauran suka amsa tun daga sama har ƙasa. Wallahi tagogi sai da suka yi ƙara.

Can guɗar ta lafa. Saurayin yana tsaye da dabino kamar an ba shi garwashi. Akawu ya matso kusa da kunnena, ya ce a hankali, "Hajja, sun rabu ne. Maganar riƙon yara suka zo rubutawa."

Da ƙasa tana da ƙofa, da na shige na ja ta. Na ce innalillahi, na fara ba da haƙuri da Hausa da Larabci a haɗe, ban san ma wanne ke fita ba. Sai kafaɗun yarinyar suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce. Ta riƙe cikinta, ta ce, "Hala," wato inna da Larabci, "bar shi kawai. Ko ranar aurena ba a yi mini guɗa mai daɗin wannan ba." Ta ɗauki zalabiya guda ta wuce. Allah ya saka wa yarinyar nan da alheri duk inda take.

Ina ɗaga kai sai na hango Malam Isa a tsakiyar matakala, mata sun dare masa hanya, Safiya da shaidu na bayansa. Safiya ta rufe fuska da gyale. Shi kuwa ya dubi hayaƙin turare, ya dubi lallena, ya juya ya sauka.

Kunyar baƙi ta wuce, amma in mutumin nan ya tafi, takarda ta tafi, kuma na ɓata abin da muka yi shekaru muna riƙo. Na tattare lafaya na bi shi, takalmi ɗaya a ƙafa. Na cim masa a bakin shagon buhuna.

"Malam Isa, don Allah tsaya."

"Yaya, me na ce miki?"

"Ka ce a yi shiru."

"To wannan fa?"

Na rasa ƙaryar da zan yi, sai na faɗi gaskiya. Na ce, "So nake su ga na rubuta sunana da biro. Shi ke nan, wallahi babu wani abu."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai wani dillalin riɗi da ya san shi ya ƙwala masa kira daga tsallaken hanya, "Malam Isa! Ashe kai ne angon? Tun ɗazu muke jin guɗa! Mabruk, mabruk! Shi ne ko gayyata?" Masu dako suka ajiye buhuna suna tafi, wani har ya zo ya rungume shi.

Malam Isa ya dube ni, tsohuwa da lalle da humra da takalmi ɗaya. Gemunsa ya fara rawa. Sai ya fashe da dariya har ya dafa bango.

"To, matarmu," ya ce yana share ido, "yau dai babu mai cewa shari'a muke yi. Masu faɗa ba sa zuwa da zalabiya. Mu je, kafin su ɗaura mana auren da gaske."

Na ce, "Allah ya kiyaye ni da rago mai cinye ƙanzo."

Ustaza ta karanta mana takardar a bayyane, ta bar ƙofa a buɗe don ƙarin shaiduna su ji (finjalin jabana na gabanta, ba ta yi fushi ba). Malam Isa ya sa hannu, Safiya ta sa. Aka miƙo mini biro. Na rubuta harafi bayan harafi, malamarmu tana leƙowa ta kafaɗar akawu leɓenta na motsi tare da ni. Na gama, na ɗaga kai kamar wadda ta sauke Alƙur'ani.

Sai Ustaza ta turo mini ɗan akwatin tawada.

"Saura dangwale, Hajja. A nan kowa yana yi, da mai karatu da marar karatu."

Haka na tara unguwa guda don su ga na bar dangwale, suka tsaya suna kallo na dangwala. Hajja Ramatu ta ce ai wannan ma ya cancanci guɗa, ba ta kuma jira izinina ba.

Takardar tana nan a akwatin Safiya, Malam Isa na nan yana kawo riɗi, har yau kuma a kasuwa wasu ango suke ce masa. Ni dai na koyi abu biyu. In lauya ta ce biyu, biyun take nufi. In kuma ka ga mutum ya fito daga ƙofarta da takarda a hannu, tambayi akawu tukuna kafin ka buɗe kwalbar humra.