Rauta a Adakar Marka

"...Lafiya lau, gajiya ta bi lafiya. To gaisuwa ta ƙare, tsohuwa. Ina kinka kai min rauta?"

Dikko ke nan, malamin makaranta a Tambuwal, tsaye a tsakar gidansu na Kebbe, gumi har cikin ido. Jiya ya sha hanya a kan babur, ya wuni yana jan waya. Ya ɗaure rauta a kan katanga, ita ce mai kamo sabis, ya jawo waya doguwa zuwa suwic, ɗan akwati mai baki-baki da ke raba layi, ɗaya zuwa kwamfutar zaure, ɗaya ɗakin mata. Duk wannan wahala don abu guda ce. Baffansa Dawuda, autan kakarsa Marka, da ya daɗe yana aiki a Jidda, zai kira ta bidiyo da an sauko Juma'a, don ranar kaɗai yake samun sarari. Dikko kuwa ya cika baki gaban kowa cewa yau tsohuwa za ta ga ɗanta. Sai ga shi ya ɗaga kai kan katanga, wayam!

Marka ko kallonsa ba ta yi ba, tana ta tsinkar zogale.

"Wace rauta? Abin ga mai ƙaho biyu da ƙyafta ido?"

"Shi fa."

"Hadari ya taso da asuba, kai kana can kana minshari awa tsohon rago. Abin da anka sawo tun daga Sakkwato ka bari bisa katanga? Wanga miji nau, ko akuya ba a ba ka kiwo."

"Na ji. Ina shike?"

"Adaka."

Dikko ya dafe kai. Adakar Marka ta ƙarfe ce, nan take ajiye duk abin da take ji da shi, daga zannuwan salla da turare har likkafaninta.

"Wayar da ke jikinshi fa?"

"Na tumɓuke. Na gan ta doguwa mai ƙwari, na ce Allah shi yi ma yaron ga albarka, yau dai ya sawo abin amfani."

Ya waiwaya. Innalillahi! Ga wayarsa can an ɗaure ta daga turken awaki zuwa bakin rumbu, zannuwa jiƙe sharkaf suna lilo a kai.

"Shanya? Wayar tawa kinka yi shanya da ita? Wallahi na sake ki!"

"Tun kana rarrafe kaka sakina, kullum kuma kai na farko bakin tukunyata."

"Ke, sabis ba shi ratsa ƙarfe! Sai an ɗora abin ga sama, inda iska."

"Rediyona cikin ɗaki shike, bai taɓa hawa katanga ba, kuma har Landan shika jiyo min."

"Rediyonki ya girmi ubana."

"Kuma ya fi ka aiki."

"Ba ni makulli."

"Makullin adaka? Kakanka ma har ya kwanta dama bai leƙa cikinta ba, sai kai mai kai awa ƙwaryar fura?"

"Ni ina ruwana da tsummokaranki? Ƙila ma haƙoranki da sunka zube kika tarawa ciki."

"Na zubar da su wurin tauna ma nama, maras kunya."

Ana cikin haka ladan ya ɗaga murya. Nan fa wasa ya fita ran Dikko. Ya durƙusa gabanta.

"Kaka, ba wasa nika ba. In abin ga bai koma katanga ba kafin a sauko, ba ki ganin Baffa Dawuda yau. Sai wata Juma'a, in ma ya samu."

Hannun Marka ya tsaya cak a cikin zogale.

"Auta? Ba ta allon ga na zaure za shi fito ba?"

"Ta rauta za shi biyo, ya shiga suwic, sannan ya iso allon. Ke kuwa kin kulle mishi ƙofa."

"Kai ɗan nema! Shi na tun ɗazu kaka tsaye kana zancen haƙora?"

Dikko bai taɓa ganin ta miƙe da sauri haka ba. Ta kwance makulli daga haɓar zane, ta shige ɗaki, ta fito da rauta naɗe cikin sabuwar atamfa, sai ƙamshin turare take. Da hannunta ta fizge shanyar ta watsar a tabarma, ita ce kuma ta riƙe masa tsani tana faɗa. "Yi sannu! Kai in ka faɗo ba komi, kar dai ka faɗo min da shi."

Ya ɗaure, ya jona, ya ruga zaure. Fitilun suwic suka kama ɗaya bayan ɗaya, kore shar.

Da ya fito sai ya tarar da ita a bakin ƙofa, ido ya ciko, ta miƙo masa dabino cike da hannu, irin na cikin adaka da ba ta ba kowa.

"Karɓi, ka ci wanga karon," in ji ta, tana dariya. "Amma in ya kira, ka riƙe min shi da hira in ɗaura kallabi. Kar yaron ga ya gan ni haka, ya ce lalle kai ka aurena."