Ranar da na kankare motar Baba

Ba na jin zan taɓa mantawa da satin bikin yayata Hadiza, kuma ba don shagalin bikin ba.

Baba yana da wata tsohuwar bas ruwan ƙasa da yake dakon hatsi da ita daga Bulkachuwa da Yana zuwa Azare. Ta girme ni da shekara biyu. Da biki ya matso, ya ce ita za ta kai kayan jere gidan amarya, kuma ba ya so a shiga unguwar surukai da mota kamar an tono ta daga rami. Ya sayar da buhunan wake, ya ware dubu ɗari da hamsin, kuɗin da suka yi da Malam Buba mai fenti. Ni kuma ya ce in kai motar ran Litinin.

Ina hutun makaranta a lokacin. Ni mutum ne da ba ya iya taya ko tumatir a kasuwa, kunya ba ta barina. Amma in aka ba ni abin karantawa, sai na ga ƙarshensa. Na kwana biyu ina bincike a waya, na gano cewa tsadar fenti ba a feshin take ba, a kankare tsohon fenti take. Sai na yi tunani (a lokacin na ɗauka basira ce): in na yi kankarar da kaina, dole Malam Buba ya rage kuɗi, Baba ya sami rara.

Ban shawarci kowa ba. Baba ya tafi ƙauye raba goron gayyata, na sayo samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge ƙarfe, na duƙufa Asabar da Lahadi. Abin da na karanta ya ce a goge har sai ƙarfe ya fito fes. Na goge. A wasu wuraren ƙarfe ya fito. A wasu kuma wani farin abu mai kama da alli ya yi ta zubowa, sai na ƙara ƙaimi, ina cewa datti ne.

Ran Litinin na shiga garejin da 'yar takardar lissafin da na yi a hannu. Na gaishe shi, na gyara murya, na ce, "Malam Buba, na rage muku rabin aiki. Ina ganin za a duba farashin."

Ya zagaya motar a hankali, ya tsuguna wajen ƙofar baya, ya sa yatsa a wani wuri da na fi gogewa. Yatsan ya wuce har ciki. Ya leƙa ta ramin, ya ce, "Ga kujera nan ina gani, lafiyarta ƙalau."

Makanikan da ke gefe suka tuntsire da dariya.

Malam Buba ya ce, "Ɗan boko, wa ya aike ka?"

"Na karanta ne..."

"A littafin an ce motar Alhaji ce? Wannan farin da ka zubar fila ce. Ni na cike ramukan nan da hannuna, ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar mota shafa ta ake yi sama-sama a fesa. Ba a tone ta."

Ya ce yanzu sai an kira mai walda, a yi faci, a sake fila, sannan a yi zancen fenti. Kuɗi ya kusa ninkawa, kuma ko an biya, ba za a gama kafin Juma'a, ranar kai kayan jere, ba. Na tsaya riƙe da takardata (har da zanen jadawali a ciki, Allah Ya yafe mini).

Da Baba ya dawo ya ga motar, na shirya wa faɗa. Bai yi ba. Ya daɗe yana shafa gefenta, sannan ya ce, "Ni ma na san ramukan nan duka. Shekara da shekaru muna rufa wa juna asiri ni da ita."

Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Kuɗin fenti ya tafi a walda da fila. Ran Juma'a motar ta ɗauki gado da kwanuka, jikinta dabbare-dabbare, nan toka-toka, can ruwan ƙasa. Goggo Asabe, ƙanwar Baba, tana shiga ta ce, "Wannan motar ƙyanda ta yi ne?" Da muka isa, duk wanda ya tambaya sai ta nuna ni da haɓa: "Ga injiniyan nan, ku tambaye shi." Na sunkuyar da kai na yi ta sauke kaya, har da waɗanda ba namu ba.

Sai bayan kaka Baba ya sami halin fesa ta.

Tun daga lokacin na gane cewa ba duk abin da aka rufe ne yake jiran mai ilimi ya zo ya buɗe ba. Wani abin, rufin ne kawai yake riƙe da shi. Yanzu ko takardar da ke manne a gindin sabon kofi, sai na yi tambaya kafin in ɓare.