Cindo da Akwatin Ganin Barira

A Ƙauyen Gora akwai wani bawan Allah, Cindo, ɗan shekara arba'in, ga ƙarfi ga biyayya. Matsalarsa ɗaya: abin da aka faɗa masa, haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Su biyu ne a gida, shi da tsohuwarsa, Iya Delu. Ƙanwarsa Barira kuwa shekara huɗu tana Jidda da mijinta, har ta haihu Iya ba ta ga ɗan da kyau ba. Da an kira ta ta bidiyo sai fuskarta ta ƙame baki buɗe, kiran ya yanke. Iya takan share ido da bakin mayafi ta ce, "Ni dai in ga 'yata tana motsi kafin in mutu."

Wata rana Barira ta ce, "Yaya, a sa intanet mai ƙarfi a gida. Kamfanonin da yawa, ka tambayi kowa kafin ka zaɓa." Haba Barira, kamar ba ki san yayanki ba! Cindo ya bi garin gida-gida. Ya tambayi liman, ya tambayi mai tallar nono, ya tambayi Baba Nomau da kunnensa ya daɗe da toshewa. Saura mutum ɗaya, Jatau direba, wanda ya kai kaya Legas. Cindo ya yi kwana tara yana zirga-zirga a tasha. Da Jatau ya sauko, ya ce shi rediyo yake saurare.

Wata rana ya shiga birni ya sayo akwatin intanet na kamfanin da mutane suka fi ambata. Mai shago ya ce, "Ka jona shi da sola, kuma kada bango ya shiga tsakaninsa da waya." Iya na gidan suna, gogan ya ɗauki diga. Ta dawo ta tarar da rabin ɗakinta a ƙasa, akuya na kwance a kan gadonta.

"Cindo, wa ya aike ka?"

"Mai shago, Iya."

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ce, "To, yanzu zan gan ta?"

Wata rana da hantsi kiran ya shiga, hoto tar. Ko gaisuwa ba a gama ba jinjirin ya tsala kuka. Barira ta jingina wayar da tukunya ta ce, "Yaya, kada ka kashe, ina zuwa." Hidima ta ɗauke ta, ta manta shaf. Ni da kai da mun kashe. Cindo kuwa ya riƙe waya a gaban Iya, hannu ya gaji ya sauya, ya jona caji, ya sake riƙewa.

Iya ta zuba ido tana kallo. Ta ga Barira tana shara, tana yanka albasa, tana cin abinci a tsaye. Ta ga ta rame. Ta ji ta tana wa yaron 'yar waƙa can ƙasa-ƙasa. Hawaye na zuba, ba ta share ba, don kada wani abu ya wuce ta.

Bayan la'asar Barira ta zuba ruwa a roba, ta tuɓe yaron.

Iya ta ce, "Sa gwiwar hannu ki ji zafinsa tukuna."

Barira ta waiwayo firgigit. "Iya! Kina nan?"

"Tun hantsi nake gidanki, 'yar nan. Tallafe masa kai."