Ranar da na wanke murjanin Alhaji Bawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na wanke murjanin Alhaji Bawa ba, ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina.

A shekarar samun mulkin kai ne. Lokacin ina sana'ar ɗaukar hoto a Sakkwato, da kyamarata mai ƙafa uku da baƙin ƙyallen da nake cusa kai ciki. Girman kai kuwa ba a magana (wani Bature ya taɓa yaba hotona sau ɗaya tak, tun daga nan na daina jin shawarar kowa).

Alhaji Bawa tsohon bafataken shanu ne a Ƙofar Dundaye, irin waɗanda suka tafi Makka ta ƙasa suka yi shekaru kafin su dawo. Ya aiko aka kira ni. A zaurensa na tarar da akwatin gilashi da wani kafinta ya haɗa masa, cike da ruwa, 'yan kifayen gulbi na yawo ciki, a tsakiya kuma ga wani abu kamar busasshen reshen ƙaya. Ashe murjani ne, yadda yake fitowa daga teku.

"Ɗana," in ji shi, "bakin Bahar Maliya uwar ɗiyana tar rasu muna jiran jirgi, nan munka rufe ta. Ɗiyata ce tat tsinto wanga abu kusa ga kabarin, tana ƙarama, tab ba ni ajiya. Yanzu tana aure Sudan. Ta aiko takarda tana tambaya ko yana nan. Ɗaukar mini shi da kyau, ta gani da idonta."

Na ce ai wannan ƙaramin aiki ne.

Sau uku ina zuwa. Na farko, inuwata ce ta fito a jikin gilashin, ƙato lulluɓe da baƙin ƙyalle. Na biyu, kifi ya gitta. Na uku, murjanin ya fito baƙi ƙirin kamar gawayi. Mai hankali zai ce a matsa da akwatin bakin ƙofa inda haske yake. Ni kuwa, da yake laifi ba ya taɓa zama nawa, sai na ɗora shi kan gansakukar da ta lulluɓe murjanin.

"Baba Alhaji, wanka yake so," na ce.

Ya ce, "Tun da nis sa shi ruwa ban taɓa hidda shi ba."

"Bar mini, Baba, aikina na."

Ya tafi masallaci sallar azahar, daga can shi da abokansa za su wuce gaisuwar rasuwa. Na yi sallama cikin gida, aka miƙo mini lemun tsami da tsamiya, domin da su na ga mahaifiyata tana wanke tasa har ta yi walƙiya. Na matse su a kwano, na tsoma murjanin. Sai ga kumfa na tashi yana 'yar ƙara, ni kuma ina murmushi, wai dauɗa ce ke fita (murjanin ne ke narkewa, amma wa zai faɗa wa gwani?). Har ƙarin lemu na nema. Na bar shi ya jiƙa sai bayan la'asar.

Suna shigowa zaure, shi da abokansa, na ɗauki soso don a ga gwaninta. Goga ɗaya, reshe ya ɓalle. Na kai hannu in tare, na biyu ya biyo shi. Kafin in ce innalillahi, abin da ya rage a hannuna bai wuce babban yatsa ba. Garin neman gira an rasa ido.

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Tsohon nan durƙusawa ya yi yana tsintar gutsattsarin ɗaya-ɗaya, hawaye na bin gemunsa. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na yi ta ba da haƙuri, har na ce zan zana murjanin a jikin hoto yadda yake da, ba mai ganewa.

"A'a, ɗana," ya ce. "Ba ni yi mata ƙarya. Ɗauke shi hakanan."

Ya shimfiɗa su a tafin hannunsa, na cusa kai cikin ƙyalle, na gode Allah da ya rufe mini fuska. Hoton ya fito tar, har zanen tafinsa ana gani. Ban ƙara ɗaukar wanda ya kai shi kyau ba, kuma shi ya aika mata. Daminar da ta biyo ya rasu. Ban san amsar da ta ba shi ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba.

Tun daga ranar, ko hular mutum ce ta karkace a gaban kyamarata, ba na miƙa hannu. A karkacen nake ɗaukarsa. Wa ya sani, ko wanda ya ɗora masa ita ba ya duniya.