Karatun Ƙauye

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da wata safiyar Asabar da na miƙe tsaye gaban malamai uku na gyara wa 'yata Fatiha. Fatiha fa, wadda kowa ke ganin ya gama da ita tun yana wasan ƙasa. Har yau idan liman ya zo wurin nan cikin salla sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni mutumin Argungu ne, amma aikin gwamnati ya zaunar da ni Gwadangaji, cikin Birnin Kebbi. Babbar 'yata Ummi a lokacin shekararta bakwai. Sunan kakata ta ci, shi ya sa mahaifina ba ya ce mata komai sai "uwata". Ni kuwa da yake ɗan fari ne, bai taɓa kama sunana ba, "wanga" yake ce mini ko a gaban wa. Baba manomin shinkafa ne kuma malamin zaure, da hannunsa ya rubuta Alƙur'ani har sau biyu. Sai dai ni ban ɗauki komai a wurinsa ba, don ina ɗan shekara shida kawuna ya tafi da ni birni karatun boko. Abin da na iya na karatu, a Islamiyya na tsinta, sauran kuma a kaset.

Da uwar Ummi ta tafi ƙaro karatun aikin jinya, sai muka kai yarinyar Argungu ta yi shekara biyu. Ta dawo mana da izu uku a ka, da allo ɗan ƙarami mai igiyar fata, da Kabanci tsantsa wanda ko ni na manta wasu kalmominsa. Kana yi mata magana sai ta karkata kai ta ce, "Mi kac ce?" Duk hutu kuma can take komawa, ita da kakanta su zauna a zaure bayan Asuba suna biyawa, ba mai shiga tsakaninsu.

Ciwon makarantar intanashinal a ofis na kwaso shi. Wani abokin aikina ne ya zo da ɗansa, yaron ya gaishe ni da Turanci, ya juya ya gaishe da masinjanmu da Larabci, ya kira ubansa "Dadi". Na koma gida Ummi ta tare ni da "Sannu da zuwa Baba, ka iso lahiya?" sai na ji kamar an yi mini fashi. Daga ranar na fara zagayen makarantu. Wata ba ta da filin wasa. Wata malamin Turancinta na fi shi Turanci (wannan kuwa ba ƙaramin abin tsoro ba ne). Wata akwai kwamfutoci jere gwanin sha'awa, amma da na duba bayansu ba ko waya ɗaya a jone. Matata ta gaji ta ce, "Wai wagga ta bayan gidanmu mi tay yi maka?" Na ce mata ba za ta gane ba.

A ƙarshe na samu wadda ta kwanta mini, can wajen Gesse. Ta jeka-ka-dawo ce, da bas mai sanyi, manhajar ƙasar waje da safe, hadda da tarbiyya bayan Azahar, 'yan mata cikin hijabi fari tas. Gurbi ɗaya ya rage a ajin su Ummi, masu nema kuma da yawa, don haka aka ce sai an yi wa yara intabiyu a gaban iyayensu. Na rantse a raina gurbin nan ba zai wuce 'yata ba.

Mako uku na yi ina horar da yarinyar nan. "Lafiya" za ki ce, ba "lahiya" ba. "Me", ba "mi" ba. Baba ya tafi hutu, yanzu Dadi ne. Duk wannan ta ɗauka da dariya. Sai wata rana na ce ta karanta mini Fatiha in ji. Ta lumshe ido ta fara, da ta zo wurin da na saba jin limamai a kaset suna jan "Maaliki", sai na ji ta ce "Maliki" a gajarce ta wuce abinta. Na sa ta ci gaba da wata sura, na ji nan ma akwai wurare da ba su yi daidai da kunnena ba. Nan take na yanke hukunci, ba tare da na tambayi kowa ba: Kabanci ne ya shiga Larabcin Baba. Mutumin da ke cewa "tahi" maimakon "tafi", ai ba mamaki ya gutsure wasali.

Na zaunar da ita na ce, "Ummi, wannan karatun ƙauye ne. Na Kaka ne, a bar shi can Argungu." (Argungu fa nake kira ƙauye, garin da aka binne cibiyata, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota.) Ta kalle ni, sannan ta ce to. Na kunna mata karatu a waya safe da yamma har sai da na ji tana ja yadda nake so.

Ana gobe intabiyu, da La'asar, sai ga Baba a ƙofar gida da rabin buhun shinkafa da ƙunshin busasshen kifi. Ashe Ummi ta ba shi labari a wayar uwarta. Ya ce, "Na zaka in ga inda za a kai uwata." Da safe ya fito cikin tsohuwar rigarsa mai tabon tawada a aljihu, da butarsa a hannu. Ni kuwa na sha shadda da turare har matata sai da ta yi atishawa. Ban isa in ce kada ya je ba, amma tun daga gida nake lissafin yadda zan yi da shi.

Muna isa na ga motocin da ke jere, na dubi butar, sai Shaiɗan ya ba ni dabara. Na ce, "Baba, ka ɗan huta nan inuwa, iyaye kaɗai anka ce su shiga." Ƙarya ce tsagwaronta. Ya dube ni ya ce, "To." Maigadi ya jawo masa benci ƙarƙashin dogon yaro ya zauna, ya ce wa Ummi Allah shi ba da sa'a.

Mutum uku muka tarar a ofis: Hajiya shugabar makaranta, da malamin Turanci, da wani matashin Ustaz mai tabarau da ke kula da hadda. Turanci ya tafi lafiya lau, lissafi ma haka, har na fara harɗe ƙafa. Sai Ustaz ya ce ta karanta Fatiha. Ummi ta dubi fuskokin baƙi, tsoro ya kama ta, ta lumshe ido, jikinta ya fara 'yar rangajin nan ta zaure. Mako uku na wahala suka bi ruwa, bakinta ya kama hanyar Argungu.

"Maliki…"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "A'a! Maaaliki! Ja shi, Ummi, ja shi!" Na ja kalmar nan har numfashina ya kusa ƙarewa. Sannan na juya da murmushin masu ilimi, cikin Hausar rediyo da na aro don ranar, na ce, "A yi haƙuri Ustaz, ta ɗan zauna ƙauye ne wurin tsofaffi, muna kan gyarawa."

Ustaz ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji, zauna." (Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ranar ban samu bakin gyara masa ba.) Ya ce wa Ummi ta sake daga farko yadda ta saba, kada ta kalli kowa. Ta karanta. Ya ja mata baki a wata sura, ta kama ta zuba. Ya koma wata, ta bi shi. Can sai ya cire tabarau ya ajiye, Hausar makaranta ta gudu daga bakinsa, ya koma ɗan gida.

"Ɗiyata, wa yak koya miki Warshu haka?"

Ni dai na taɓa jin kalmar, amma da za a tsare ni da bindiga ba zan iya faɗin ma'anarta ba. Ustaz ya juyo ya yi mini bayani a hankali, irin yadda ake yi wa mara lafiya. Ya ce akwai ruwayoyi ingantattu na karatun Alƙur'ani. Wadda na saba ji a kaset ita ce Hafsu, wadda yarinyar ke yi kuma Warshu, ita ce iyaye da kakanni suka yi ta karantawa a ƙasar nan tun kafin a haifi kaset. Ba kuskure ko ɗaya a bakinta. Ya ce su kansu sun daɗe suna neman wanda ya iya ta da kyau ya riƙa sauraron manyan ɗalibansu.

Ummi ta ce, "Kakana na."

"Shina ina?"

"Shina bakin get. Dadi ya ce iyaye kaɗai ka shiga."

Hajiya ta dube ni ta saman gilashinta ta ce ita ba ta san da wannan doka ba. Kafin in haɗa wata ƙaryar, Ustaz ya fita da kansa. Ta taga na hango shi ya durƙusa gaban benci, sannan ya taso yana riƙe da butar Baba, Baba na biye da shi. Aka ba shi kujerar da ta fi tawa laushi. Suka taɓa karatu kaɗan shi da Ustaz, ni ina zaune kamar buhun da aka manta a tasha.

Da a nan abin ya tsaya, da yanzu labarin dariya nake ba ku. Amma Hajiya, cikin kyakkyawar niyya, ta dafa kan Ummi ta ce, "Ki riƙe karatun kakanki da kyau, kin ji? Kada ki yar." Yarinya ta dube ta, ta dube ni, ta rasa wa za ta bi. Sai ta faɗi gaskiya, yadda aka koya mata a zaure.

"Dadi ya ce karatun ƙauye na, a bar shi can Argungu."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba bai dube ni ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa da suka sha laka, sannan ya ce, "Gaskiyatai. Ƙauye munka iske shi, ƙauye munka koye shi."

An ba Ummi gurbin tun kafin mu tashi, kuma kowa a ɗakin ya san albarkacin wa ta ci. Ustaz ya roƙi Baba ya riƙa zuwa ko da sau ɗaya a wata, Baba ya yi godiya ya ce aikin fadama ba ya barin mutum. Muka kama hanyar gida a mota. Da muka zo kusa da tasha Baba ya ce in sauke shi, wai ya bar ruwa a gona. Na ce ya bari a ci abinci, ya ce ya ƙoshi.

Mako na zagayowa na bi shi Argungu, na cire hula na durƙusa na ba shi haƙuri. Da ya zage ni, ko ya ɗaga mini sanda, da na samu sauƙi. Cewa ya yi, "Ba komi, wanga. Mi kay yi?" Ya shiga tambayata farashin taki a birni.

Sai da hutu ya zo na gane girman ɓarnar. Ummi ta ɗauko allonta bayan Asuba ta nufi zaure da gudu kamar kullum. Baba ya karɓa, ya shafa kanta ya ce, "Uwata, makaranta guda ta ishe ki. Kada in ɓata miki baki." Ya wanke allon ya rataye a ƙusa. Ta yi kuka, uwata ta sa baki, Ustaz ma har saƙo ya aiko, Baba dai murmushi kawai yake yi ya kawo wata hira.

Shekara uku ke nan. Makarantar ba ta da laifi, Ummi na ƙoƙari, Turanci a bakinta kamar ruwa. Tana cewa "lafiya", tana kirana Dadi, tana jan "Maaliki" daidai yadda na miƙe tsaye na nema. Warshun ta zube mata kaɗan-kaɗan har ba saura. Duk abin da na roƙa an ba ni cif, kuma ban taɓa jin baƙin cikin samun abu irin wannan ba.

Bara na fara zuwa wurin Ustaz a ɓoye ina koyo, da furfurata a gemu. Da na ga na ɗan kama, sai na je Argungu na zauna a zaure ƙarƙashin allon nan, na ɗaga murya yadda Baba zai ji daga cikin gida. Na karanta Fatiha a Warshu, na gajarce "Maliki" da kyau, ina sauraron takunsa. Ya fito da fartanya a kafaɗa, ya tsaya har na kai ƙarshe. Na ɗaga kai ina jiran ko gyara ɗaya ne ya yi mini.

Ya ce, "Bar wahal da kanka, wanga. Kai ɗan birni na, ja abinka." Ya wuce gona.

Abin da na koya bai da yawa. In ka ji yaro ya faɗi abin da ba ka sani ba, fara tambayar wa ya koya masa kafin ka buɗe baki. In kuma jahilcin ya matsa sai ka yi shi, to don Allah yi shi a zaune.