Kafiretar Baba da Jan Fentin Kwamiti

Ranar Litinin na fito ƙofar gida da buroshi a baki, sai na tarar an zabga wa motar Baba ƙaton tambari na jan fenti, har yana tsiyaya. A ƙasansa an rubuta "kwana biyar". Aikin Kwamitin Ƙawata Tituna ne, ƙarƙashin Mai Girma Garkuwan Kwalta, Allah ya ƙara masa fenti. Duk motar da ba ta motsi, in wa'adi ya cika, motar janwe za ta zo ta yi gaba da ita. Ramin da ke tsakiyar layinmu kuwa, wanda ya cinye tayoyin rabin unguwa, ba a shafa masa komai ba. Ina jin yana cikin kayan ƙawa.

Motar nan 'yar ƙarama ce mai kujera biyu, marar rufi, irin ta tsere ta zamanin da. Ta girme ni da shekara uku. Tun da Baba ya rasu, Inna ke goge ta kowace safiya tana yi mata hira. Lafiyarta ƙalau, in ban da gangar kafireta da ta tsage, wato kwanon ƙarfen nan da fetur da iska ke haɗuwa a ciki. Inna ta daɗe tana kallon fentin, sannan ta ce, "Ɗan nan, in suka ɗauke ta, da wa zan riƙa magana?" Wallahi ban taɓa jin muryarta ta yi sanyi haka ba.

Na garzaya wurin bakanikena, wanda ake kira Sifana. Ya ce sau biyu yana yi wa gangar walda, ƙarfen ya gaji, sai dai a nemo wata. Kamfanin da ya ƙera motar kuwa ya rufe tun Sifana yana goye.

Kwana biyu ina sintiri a kasuwar kayan gyara. Wani ya miƙo mini kafiretar janareta, ya rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Wani ya dubi hoton motar, ya tambaye ni ko ta yara ce. Daga ƙarshe aka kai ni rumfar wani dattijo da ake ce wa Tsohon Ƙarfe. Ya juya gangar a hannu, ya yi mini bayani a natse cewa duk wani tsohon kaya daga filin da Kwamiti ke tara motocin da ya janye yake fitowa. Mota takan shiga filin da ƙafafunta huɗu, washegari ta iso kasuwa a cikin buhuna.

"Irin wannan motar guda nawa suka rage a gari?" in ji shi.

Na ce tawa kaɗai.

"To ai an gama. Ka dawo ranar Lahadi, za a samu."

Kun ji fa. Bawan Allahn nan zai sayar mini da tawa tsagaggiyar, har da alkawarin ragi.

Ranar Alhamis na tafi ofishin Kwamiti neman ƙarin wa'adi. Akawun ya karɓe ni hannu biyu. Ya ce akwai fom na musamman, ana duba shi cikin mako uku, sai dai fom ɗin ya ƙare, kuma mai sa hannu ya tafi ƙasar waje nazarin titunan mutane. Na kawo shawarar maƙwabcina Tela, cewa mu riƙa tura motar taku biyar kullum. Akawun ya buɗe littafi, ya nuna mini inda aka ce dole mota ta motsa da ƙarfin kanta. A gaskiya mutanen nan sun yi karatu.

Asabar da hantsi motar janwe ta shigo layinmu tana tari, da ma'aikata huɗu cikin sababbin riguna masu ƙyalli. Inna ta fito ta tsaya jikin bango. Ni kuwa kunya ta hana ni haɗa ido da ita. Direban ya yi baya baya har ya tokare gaban motar Baba, ya sauko zai ɗaura sarƙa, sai injin ya yi atishawa biyu ya ɗauke. Suka yi ta murza makulli har batir ya mutu. Shugabansu ya hango Sifana cikin 'yan kallo, ya ce malam taimaka mana. Sifana ya buɗe bonet, ya leƙa, ya dubi Inna, sannan ya ce kafireta ce, kuma irinta ta yi wuya a kasuwa.

Yau kwana goma sha shida ke nan janwen na zaune daram. Ta rufe motar Baba ruf, ko keke ba zai ratsa ba. An ce an rubuta takardar neman kayan gyara, tana jiran sa hannu. Masu cewa Kwamiti ba ya kare dukiyar talaka, ku zo layinmu ku ga gadi kyauta.

Saboda haka jama'a, wanda ke da gangar kafiretar tsohuwar motar tsere ya neme ni ta hannun edita. Wanda kuma ke da ta janwe, don girman Allah ya yi shiru.