Soket Mai Rami Arba'in

Jiya da safe na zo buɗe shago na tarar da motar ofis a ƙofa, wai manya na nemana. Shekara ashirin da biyu ina gyaran rediyo da talabijin ba a taɓa aiko mini da mota ba, don haka sai da na koma gida na sake riga.

Maganar famfon unguwarmu ce, mai aiki da hasken rana. Wata biyar ke nan ko ɗigo bai yi ba. Tun makon farko na leƙa akwatinsa na ga ciwon. A jikin allon da ke sarrafa injin akwai ɗan soket mai rami shida, tsatsa ta cinye shi, fil ɗin da ke shiga ciki ba sa taɓa komai. Aikin minti goma ne. Amma kayan hukuma ba a sa masa hannun talaka, sai aka kafa kwamiti. Maƙwabciyata mai wankau, wadda da ruwan nan take ciyar da 'ya'ya huɗu, ta koma jiran 'yan garuwa.

A ofis, Mai Girma Shugaban Kwamiti ya buɗe kwali da hannunsa mai albarka, ya ciro sabon soket.

"Ka gani, mai gyara? Naku rami shida ne. Mu mai arba'in muka zaɓo muku. Jama'a sun cancanci ƙari."

"Ranka ya daɗe, ba a zaɓen soket da yawan rami," na ce. "Tazarar fil da fil ake aunawa, a duba kaurinsu, a duba ƙarfin wutar da zai ɗauka. Wannan na cikin kwamfuta ne."

"An riga an amince da shi a zama na huɗu," in ji Sakatare.

Ai laifin allon ne da bai halarci zaman ba.

Muka ɗunguma wurin famfo. Sakatare ya danna soket, ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya ƙi. Ya cire takalmi ya taimaka masa da dunduniyar takalmin, fil biyu suka lanƙwashe. Mai Girma ya gyara tabarau ya yanke hukunci cewa allon ne ya tsufa, za a kafa ƙaramin kwamiti ya nemo allon da zai dace da soket. Hikima ke nan: in hula ta ƙi shiga, a sassaƙe kai.

Da ƙurar motarsu ta lafa, mai wankau ta matso.

"Maƙwabci, gida biyu suka rage masu ba ni wanki. Ni ba ruwana da rami nawa ne, ruwa nake so."

Raina ya ɓaci, kunya kuma ta kama ni. Na koma shago na zaƙulo wata matacciyar inbata, na'urar juya wutar batir, a ƙarƙashin tebur, na ciro soket mai rami shida daidai tazara. Na koma wurin famfo, na miƙe fil da filaya, na liƙe soket ɗin da dalma. Kafin azahar ruwa na zuba, mai wankau ta jera bokitai tana sa mini albarka.

Yau da safe sanarwa ta fito. Kwamiti na taya kansa murna, tunda ruwa ya zo, soket mai rami arba'in ya tabbatar da ingancinsa. Saboda haka an ba da umarni a cire tsofaffin soket na sauran famfuna talatin da ke aiki, a sa musu irinsa daga ranar Litinin.

Ni dai ba na ja da manya. Amma in famfonku na kawo ruwa, ku cika randuna kafin Litinin.